Yadda jam'iyyun siyasa ke aiki a Najeriya

A ranar zaɓe a Najeriya, mai jefa ƙuri'a ba ya ganin sunan ɗan takara ko hotonsa a kan takardar da ake miƙa masa. Abin da yake gani shi ne jerin alamomin jam'iyyu, irin su lema da tsintsiya, kuma a gefen ɗaya daga cikinsu ne yake dangwala yatsansa.

Wannan yana nuni da irin matsayin da doka ta bai wa jam'iyyu a ƙasar. Sashe na 221 na tsarin mulkin 1999 ya hana duk wata ƙungiya wadda ba jam'iyyar siyasa ba nema wa ɗan takara ƙuri'a. Wasu sassan kuma sun sharɗanta cewa mai neman kujerar shugaban ƙasa, ko gwamna, ko ɗan majalisa, sai ya kasance ɗan wata jam'iyya, kuma ita ce ta tsayar da shi.

An sha kawo shawarar a gyara tsarin mulkin domin a ƙyale 'yan takara masu zaman kansu, amma zaɓen 2023 ya zo ya wuce ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka duk ɗan ƙasar da ke son ya kai ga mulki, ko ya kai kokensa ga masu mulki ta hanyar ƙuri'a, ba shi da wata ƙofa sai ta jam'iyya.

Mafarin al'amarin

Jam'iyyar farko a ƙasar ita ce NNDP, wadda Herbert Macaulay ya kafa a Legas a 1923. Shekara guda kafin haka ne Turawan mulkin mallaka suka amince a riƙa zaɓen wakilai huɗu zuwa majalisar dokoki, uku daga Legas, ɗaya daga Kalaba. Maza masu samun fam 100 a shekara ne kaɗai ke da ikon jefa ƙuri'a a lokacin.

A Arewa kuwa sai bayan yaƙin duniya na biyu siyasar jam'iyyu ta kankama. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta faro ne a matsayin ƙungiyar 'yan boko, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar NPC a 1951. A watan Agustan 1950 kuma aka kafa NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta daga bisani.

Waɗannan jam'iyyu biyu sun nuna hanyoyi biyu mabambanta na isa ga talaka. NPC, a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta dogara ne a kan tsarin En'e, wato sarakuna da hakimai da dagatai, waɗanda dama su ne ke tsakanin jama'a da hukuma. Ita kuwa NEPU ta bi ta kan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da malamai, ta yi amfani da lacca da waƙa da tarurrukan unguwa, tana kira ga talakawa su nemi sawaba daga haraji da aikin tilas. Da yawa daga cikin 'ya'yanta sun sha ɗauri a kotunan alƙalai saboda haka, cikinsu har da Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta yi ta fafutuka a zamanin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a ma. Sai a 1976 suka samu wannan 'yanci.

Jam'iyyun Jamhuriya ta Farko kowace tana da yankinta: NPC a Arewa, AG ta Cif Obafemi Awolowo a Yamma, NCNC ta Dakta Nnamdi Azikiwe a Gabas. Bayan juyin mulkin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya, sojoji da masu rubuta tsarin mulkin 1979 sun ɗora wa wannan siyasar ɓangaranci alhakin mai yawa daga cikin abin da ya faru. Daga nan ne akasarin ƙa'idojin da ake bi a yanzu suka samo asali.

Abin da doka ta sharɗanta

Kafin wata ƙungiya ta zama jam'iyya sai hukumar zaɓe ta INEC ta yi mata rajista. Sashe na 222 ya ce dole ƙofarta ta kasance a buɗe ga kowane ɗan ƙasa, ba tare da la'akari da asalinsa, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ƙabilarsa ba. Sunanta da alamarta ba za su ɗauki wata ma'ana ta addini ko ta ƙabila ba, kuma hedkwatarta tana Abuja.

Sashe na 223 ya ƙara da cewa za ta riƙa zaɓen shugabanninta aƙalla sau ɗaya a kowace shekara huɗu, kuma 'yan kwamitin zartaswarta su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar. An kuma hana jam'iyyu mallakar kuɗi ko kadara a ƙasashen waje, da riƙe kuɗin da aka aiko musu daga can, da kuma kafa rundunar 'yan banga.

Akwai wani sharaɗin da ya fi waɗannan tasiri, ko da yake ba a kan jam'iyya kai tsaye aka ɗora shi ba. Kafin mutum ya zama shugaban ƙasa, ban da samun ƙuri'u mafi yawa, sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Wannan ne ke tilasta wa ɗan siyasar Katsina ya nemi abokin tafiya a Ogun ko a Ribas. Shi ne kuma ya haddasa shari'ar da ta fi kowace shahara a 1979, lokacin da Alhaji Shehu Shagari na NPN ya cika sharaɗin a jihohi 12 cikin 19, ya gaza kai wa kashi 25 cikin ɗari a Kano. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa abin da ya samu ya wadatar.

Yawan jam'iyyun da aka amince da su ya yi ta hawa da sauka. A 1979 biyar ne. A 1989 Janar Ibrahim Babangida ya yi watsi da dukkan ƙungiyoyi 13 da suka nemi rajista, ya kafa SDP da NRC, gwamnati ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi a jihohi da ƙananan hukumomi. A zamanin Janar Sani Abacha an yi biyar, waɗanda dukkansu suka tsayar da shi ɗan takara a 1998. Zaɓen 1999 jam'iyyu uku ne suka shiga, wato PDP da APP da AD.

A 2002 Kotun Ƙoli ta soke wasu ƙarin sharuɗɗan rajista da INEC ta gindaya, a wata ƙara da Alhaji Balarabe Musa da wasu 'yan siyasa suka shigar. Ƙofa ta buɗe ke nan. Jam'iyyu suka kai 30 a zaɓen 2003, suka kai 91 a 2019, shekarar da mutane 73 suka tsaya takarar shugaban ƙasa. A watan Fabrairun 2020 INEC ta soke rajistar 74 daga cikinsu saboda rashin taɓuka abin kirki a zaɓe, inda 18 suka shiga zaɓen 2023.

Daga mazaɓa zuwa Abuja

A rubuce, ginin jam'iyya daga ƙasa yake farawa. Mutum yana yankar kati ne a mazaɓarsa, kuma ƙasar tana da irin waɗannan mazaɓu 8,809 a ƙananan hukumomi 774. Kowace mazaɓa tana da shugaba da sakatare da ma'aji da shugabar mata da shugaban matasa. Sama da su akwai shugabannin ƙaramar hukuma, sai na jiha, sai na shiyya, sai kwamitin gudanarwa na ƙasa da ke tafiyar da harkokin yau da kullum, da kwamitin zartaswa, da kwamitin amintattu na dattawa. Babban taron ƙasa shi ne ƙoli.

Ga talakan ƙauye, shugaban jam'iyya na mazaɓa ya fi duk waɗannan muhimmanci. Shi ake samu idan rijiyar burtsatse ta lalace, ko taransfoma ta ƙone, ko ana neman gurbin aiki ga yaron da ya gama makaranta. Ta hannunsa ne sau da yawa jerin sunayen masu karɓar taki ko tallafi ke bi. Shi ne kuma ke tara mutane ranar gangami, ya samo wakilan da za su tsaya wa jam'iyya a rumfunan zaɓe, waɗanda yawansu ya kai 176,846 tun bayan ƙarin da aka yi a 2021. Jam'iyyar da ba ta iya ajiye wakili a akasarin rumfunan nan, da wuya ta iya kare ƙuri'unta, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ƙananan jam'iyyu ba sa kai labari.

Wannan alaƙa tana da amfaninta, domin tana kai kukan mutane inda takardar koke ba ta zuwa. Sai dai tana mayar da abin da yake haƙƙin ɗan ƙasa ya zama alfarmar da ake yi wa ɗan jam'iyya. Wanda ba ya cikin tafiya, ko yake ɓangaren da aka kayar, yakan jira shekara huɗu.

A birane irin su Kano da Kaduna, rediyo ya zama wani dandalin. Shirye-shiryen siyasa na dare, inda waɗanda ake kira sojojin baka ke yabon gwaninsu da caccakar abokan hamayya, suna da ɗimbin masu sauraro, haka nan mawaƙan siyasa, waɗanda sana'arsu ta daɗe tun zamanin NEPU da NPC. A 'yan shekarun nan shafukan Facebook da WhatsApp sun shigo cikin lamarin.

Fitar da gwani

Babu inda ƙarfin jam'iyya ko rauninta ke bayyana kamar wajen tsayar da 'yan takara, tunda abin da ta fitar shi ne kawai zaɓin da mai jefa ƙuri'a ke da shi.

Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta amince da hanyoyi uku. Akwai 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya ke zaɓe kai tsaye. Akwai zaɓen wakilai, waɗanda aka fi sani da daliget. Sai kuma masalaha, wadda dokar ta ce ba ta tabbata sai dukkan masu neman takarar sun amince a rubuce.

Manyan jam'iyyun biyu sun bi ta hanyar daliget ne wajen fitar da 'yan takarar shugaban ƙasa a 2022. A taron PDP na watan Mayu, wanda wakilai ƙasa da 800 suka yi zaɓe, Alhaji Atiku Abubakar ya yi nasara da ƙuri'u 371, Nyesom Wike ya zo na biyu da 237. A taron APC na watan Yuni, inda kowace ƙaramar hukuma ta turo wakilai uku, Bola Ahmed Tinubu ya samu ƙuri'u 1,271. Wato mutanen da ba su kai 3,500 ba ne suka tace wa masu rajista sama da miliyan 93 manyan 'yan takara biyu.

Masu sukar wannan tsari na cewa wakilai kaɗan suna da sauƙin saye, kuma gwamnoni ne ke rubuta sunayensu tun daga mazaɓa. Masu sukar 'yar tinƙe kuma na nuni da cewa jam'iyyun ba su da sahihiyar rajistar 'ya'yansu, don haka ana iya rubuta kowane irin adadi a sanar da shi. Masalaha kuwa, a bakin 'yan siyasa da dama, wani suna ne na ɗauki-ɗora.

Kotuna sun sha shiga wannan fage. Rotimi Amaechi ya ci zaɓen fitar da gwani na PDP a jihar Ribas, amma jam'iyyar ta musanya sunansa da na Celestine Omehia, wanda ya tsaya takara ya kuma ci zaɓe. A watan Oktoban 2007 Kotun Ƙoli ta ce musanyar ba ta bisa ƙa'ida, kuma tunda jam'iyya aka jefa wa ƙuri'a, Amaechi ne gwamna, duk da cewa bai yi yaƙin neman zaɓe ko na yini ɗaya a matsayin ɗan takara ba.

Abin da ya faru a Zamfara ya fi haka tsanani. Rikici tsakanin ɓangarorin APC ya hana ta gudanar da zaɓen fitar da gwani karɓaɓɓe kafin wa'adi ya cika. Ta shiga zaɓen 2019 ta lashe kusan komai, amma a ranar 24 ga watan Mayu Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'un da ta samu asararru ne. Kujerar gwamna da na 'yan majalisa suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. A 2021 shi ma ya koma APC.

Batun kuɗi

Gwamnati ta kasance tana bai wa jam'iyyu tallafin kuɗi a farkon wannan jamhuriya, amma an daina tun bayan dokar zaɓe ta 2010. Kuɗin katin zama ɗan jam'iyya kuwa, wanda NEPU ta rayu da irinsa, kusan babu mai biya a yanzu. Abin da ya rage shi ne sayar da fom ɗin takara da kuma aljihun gwamnoni da attajirai.

A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. Dokar wannan shekara ta ƙayyade abin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe a kan naira biliyan biyar, na gwamna biliyan ɗaya, na sanata miliyan 100. Masu sa ido a kan zaɓe sun daɗe suna kokawa cewa ba a bin irin waɗannan iyakoki, kuma hukunta wanda ya tsallake su abu ne da ba a saba gani ba.

Sakamakon a bayyane yake. Wanda ke biyan kuɗin hayar ofis da alawus ɗin shugabanni shi ke da jam'iyya, kuma daga nan ne kalmar ubangida ta samu gindin zama a siyasar ƙasar. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, amma bai rage farashin fom ba. Mata su ma abin ya shafe su: ba su wuce huɗu ba cikin sanatoci 109 da zaɓen 2023 ya samar.

Bayan an ci zaɓe

A tsarin firaminista irin na Birtaniya, wanda Najeriya ta bi har zuwa 1966, gwamnati tana faɗuwa ne da zarar ta rasa rinjaye a majalisa, don haka 'yan majalisa ba sa wasa da umarnin jam'iyya. A tsarin shugaba mai cikakken iko, wanda aka aro daga Amurka a 1979, shugaban ƙasa da gwamna suna da wa'adinsu, kuma su ne ke riƙe da baitulmali. A aikace jam'iyya ce ke komawa ƙarƙashinsu. Cikin shekaru takwas na Cif Olusegun Obasanjo, PDP ta yi shugabanni huɗu: Solomon Lar, da Barnabas Gemade, da Audu Ogbeh, da Ahmadu Ali.

Majalisa ma ba kullum take bin jam'iyya ba, duk da cewa tana da shugaban masu rinjaye da bulaliyar majalisa. A 2006 majalisar dattawa, wadda PDP ke da rinjaye a cikinta, ta yi fatali da shirin ta-zarce. Aminu Waziri Tambuwal ya zama kakakin majalisar wakilai a 2011, Bukola Saraki kuma shugaban majalisar dattawa a 2015, dukkansu ba da son shugabannin jam'iyyunsu ba.

Shin manufofin da jam'iyya ta rubuta suna zama aikin gwamnati? Akwai lokutan da hakan ta faru. Jihohi biyar da UPN ta ci a 1979 sun aiwatar da ilmi kyauta kamar yadda ta yi alkawari. Gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali, abin da NEPU ta daɗe tana nema. Amma misalin Kaduna ya nuna iyakar abin: NPN ce ke da rinjaye a majalisar jihar, ta ƙi amincewa da kwamishinonin gwamnan, ta kuma tsige shi a watan Yunin 1981. Ita kanta PRP ta dare gida biyu, santsi da taɓo.

A wannan jamhuriya, da wuya mai jefa ƙuri'a ya iya faɗin abin da ya raba manyan jam'iyyu a kan tattalin arziki. Kafin zaɓen 2023, 'yan takarar APC da PDP da LP duk sun ce za su janye tallafin man fetur. Abin da ya fi ɗaukar hankali a cikin jam'iyyun shi ne karɓa-karɓa, wato rabon muƙamai tsakanin shiyyoyi, wanda NPN ta fara, PDP ta sa a kundinta, ya kuma jawo ka-ce-na-ce bayan rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010.

Sauya sheƙa

Tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi zai rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. Wannan togaciya ce kusan kowa ke fakewa da ita. Gwamna da shugaban ƙasa da mataimakansu kuwa babu irin wannan sharaɗi a kansu, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2007, a shari'ar Atiku Abubakar, wanda ya koma AC yana mataimakin shugaban ƙasa.

Sauya sheƙa ta taɓa taimaka wa adawa. A 2013 jam'iyyun ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA sun narke suka zama APC, sannan gwamnonin PDP biyar, na Kano da Sakkwato da Adamawa da Kwara da Ribas, suka bi su. A 2015 Muhammadu Buhari ya kayar da Goodluck Jonathan, karo na farko da jam'iyyar adawa ta karɓi mulkin tarayya ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara goma igiyar ruwan ta juya: a 2025 gwamnonin Delta da Akwa Ibom da Enugu, waɗanda aka zaɓa a PDP, sun koma APC, yayin da wasu jiga-jigan adawa suka tattaru a ADC.

Mai jefa ƙuri'ar da ya dangwala wa lema ya wayi gari a ƙarƙashin tsintsiya babu mai tuntuɓarsa, kuma alƙaluma na nuna cewa jama'a na ja da baya. Kimanin kashi 44 cikin ɗari na masu rajista ne suka fita zaɓen shugaban ƙasa a 2015. A 2019 suka koma kimanin kashi 35, a 2023 kuma kimanin kashi 27, mafi ƙaranci tun 1999. Tinubu ya ci zaɓen da ƙuri'u kusan miliyan 8.8.

A maƙwabciya Jamhuriyar Nijar, inda siyasar jam'iyyu da yawa ta dawo bayan babban taron ƙasa na 1991, manyan jam'iyyu sun ɗauki laƙabin Hausa, irin su MNSD Nasara da CDS Rahama da PNDS Tarayya. Tsarin rabon kujerun majalisa daidai da yawan ƙuri'u ya sa akasari sai an yi ƙawance kafin a kafa gwamnati, kuma rushewar irin wannan ƙawance ce ta jefa ƙasar cikin takun saƙa tsakanin Shugaba Mahamane Ousmane da Firaminista Hama Amadou, wanda ya ƙare da juyin mulkin 1996. Sojojin da suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a watan Yulin 2023 sun dakatar da harkokin jam'iyyu, sannan a watan Maris na 2025 suka rusa su baki ɗaya.